Mantuwa, ciwon MS da kwalaben bitamin: wanne zan saya, wanne zan bari?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Tun da na ɗan taɓo maganar bitamin kwanakin baya saƙonni suke ta shigowa, to na tsinci guda biyar da suka shafi ciwon jijiya da mantuwa na haɗa su waje ɗaya. Sunaye na cire kamar kullum. Kuma in sake faɗa, ni aikina harhaɗa magani ne, a bayan kanta nake wuni, duba mara lafiya da rubuta masa magani wannan na likita ne.

Ta farko daga wata malamar makaranta ce a Rijiyar Zaki:

"Malam ina wuni. Shekarata 31, bara aka yi min hoton MRI aka ce ina da MS. Ƙafata ta warware Alhamdulillah amma yanzu kaina ne matsalar. Sai in shiga aji in manta me zan ce, ranar nan na ɗora shinkafa na fita tsakar gida sai ƙauri na ji, haɗa makin yara da nake yi a minti goma yanzu sai in cinye awa. Wata a Instagram tana saida bitamin D mai 50,000, tace kullum ɗaya, wai wani likita a Brazil da shi yake warkar da masu MS, kwalba N38,000. In saya?"

Malama sannu, Allah ya baki lafiya ya sa kaffara ne. Kar ki tura mata ko sisi tukuna. Zan ɗan ja bayanin saboda ba ke kaɗai kika turo irin wannan ba.

Saboda waɗanda basu taɓa jin sunan ba, MS, wato multiple sclerosis a turance, ciwo ne da garkuwar jikin mutum ke juyowa ta afka wa rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka. Kun san wayar caja in robarta ta ɗaye, wani lokacin ta kawo wuta wani lokacin sai an murɗa ta an danne da littafi sannan ta kama? To haka saƙo yake zama tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki, yau ido ya yi hazo, wata uku ƙafa ta mutu, sai kuma ya lafa kamar ba a yi ba. Wani likitan Faransa Jean-Martin Charcot shi ya fara fayyace shi a 1868 a Faris. Ƙiyasin 2020 ya ce mutum wajen miliyan 2.8 ke da shi a duniya, mata sun ninka maza, kuma yawanci tsakanin shekara 20 zuwa 40 yake bayyana. A ƙasashen sanyi irin Kanada da arewacin Turai ya fi yawa, mu nan ƙaranci gare shi, shi ya sa mai shi yake shan yawo, a ce iska ce, a ce sammu ne, a yi ta ɗura masa maganin taifot, kafin Allah ya haɗa shi da likitan jijiya a irin asibitin Malam Aminu Kano.

Abin da kike ji a kanki sananne ne a ciwon, tsakanin kashi 40 zuwa 65 cikin 100 na masu MS suna samun irinsa. Kuma hankalinki yana nan, iliminki yana nan. Saurin ne ya ragu. Kamar netwok ranar sallah, saƙon zai tafi amma sai ya yi ta juyawa. Shi ya sa haɗa maki yake cin awa amma in kin gama daidai yake fita.

Toh maganar bitamin D kuma ba daga sama ta faɗo ba, mai saidawar ta tsinci gaskiya ce ta ɗora mata kaya. A 2006 masu bincike a jami'ar Harvard sun duba jinin sojojin Amurka da aka adana, suka ga waɗanda bitamin D ɗinsu yake sama sun fi tsira daga kamuwa da MS. Amma ga abin da ba za a faɗa miki a Instagram ba, a turawa farar fata aka ga wannan alaƙar, a baƙaƙen da ke cikin binciken ba ta fito ba. Sannan a 2020 aka fitar da sakamakon bibiyar mutum 278 tsawon shekara 11, aka ga waɗanda bitamin D ɗinsu yake da kyau a shekara biyun farko na ciwon sun fi yin ƙoƙari a gwajin saurin lissafi, wanda ake karanto maka lamba duk bayan daƙiƙa uku kana haɗa ta da wadda ta gabace ta. A wannan binciken dai aka ga masu shan taba sun fi faɗuwa a gwajin. Akwai kuma wani ƙarami da aka yi a Beirut a 2017, Beirut ta ainihi ta Labanan ba titinmu na 'yan waya ba, inda aka ba masu ƙarancinsa bitamin ɗin na wata uku aka ga tunawarsu da abin da ido ya gani ta ɗan inganta.

Jin wannan sai mutum yace ai shikenan a kawo kwalba. To tsaya. Wanda ciwo ya kwantar ba ya fita rana, wanda ba ya fita rana bitamin D ɗinsa sauka zai yi, kinga kenan ganin su tare bai nuna wanne ya jawo wanne ba. Hanyar rabewa ita ce a raba marasa lafiya gida biyu, a ba waɗannan da yawa a ba waɗancan kaɗan ko ƙwayar da ba komai a ciki, a zuba ido. An yi hakan. A Amurka an gwada 5,000 kullum da 600 kullum (a ma'aunin IU, wanda ake rubuta adadin bitamin D da shi) a kan maganin MS ɗin da suke sha, sakamako ya fito a 2023, tashin ciwo bai ragu ba. A Ostireliya da Niyuzilan an gwada har 10,000 kullum, nan ma shiru. Sai a 2025 Faransawa suka fito da nasu, 100,000 duk sati biyu na shekara biyu ga waɗanda ciwon ya fara taɓawa karo na farko, kashi 60 suka nuna alamar motsin ciwon a masu shan bitamin, kashi 74 a waɗanda basu sha ba, kuma yawancin bambancin a hoton MRI aka gan shi. Wannan labari ne mai daɗi gaskiya, ni kaina na ji daɗinsa. Sai dai ko su ɗin ba warkewa suka yi ba, kuma ba mantuwa aka je aunawa ba.

Yanzu ki ɗauko biro irin na haɗa maki. Faransawan nan 100,000 suke sha a kwana 14, a ƙarƙashin idon likita ana duba jininsu. Ke an ce ki sha 50,000 kullum, a kwana 14 kin sha 700,000 kenan. Ninki bakwai. Abin da babban mutum yake buƙata a rana 600 ne, iyakar da aka ce kar ya wuce da kansa ba tare da likita ba 4,000. Ita ƙwaya mai 50,000 ɗin magani ce ta gaske, muna bayar da ita, amma sau ɗaya a SATI, na kamar sati takwas, ga wanda gwaji ya nuna yana da ƙaranci.

Bitamin D a kitse yake narkewa, ba ya bin fitsari ya fita kamar bitamin C, taruwa yake. In ya taru sai ya jawo kalsiyam ya cika jini, daga nan sai ƙishirwa, yawan fitsari, cushewar ciki, tashin zuciya, tsakuwar ƙoda, har ƙodar ta samu matsala. Kuma cikin alamominsa har da ruɗewar tunani, wato abin da kike gudu ɗin. Garin neman gira a rasa ido. Akwai wata baiwar Allah da ta taɓa zuwa min da yamma, gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi a hannunta ta sha rabi kafin ta gama gaisuwa, tana neman maganin cushewar ciki, ina tambayarta tana kallona sai ta daɗe kafin ta amsa. Na ce ta zazzage jakar magungunanta a kan kanta, sai ga kwalbar nan mai 50,000 saura ƙwaya huɗu a ciki, an kawo mata tsaraba daga waje, rubutun jiki ya ce sati-sati ita kuma kullum bayan karin kumallo take sha. Ban bata komai ba ranar, asibiti na tura ta a auna kalsiyam da ƙoda. Shi tsarin likitan Brazil ɗin da ake faɗa yana nan, mutane suna bi, amma ba a tabbatar da shi da irin gwajin raba gida biyun nan ba, an kuma rubuta rahotannin waɗanda ƙodarsu ta taɓu a kansa.

Abin da zan ce ki saya da kuɗinki shi ne gwaji. Sunansa 25-OH D, a haɗa da na kalsiyam. Kar kice ai mu a Kano rana har ta yi mana yawa, baƙar fata ta fi jinkirin haɗa bitamin ɗin, ga hijabi har ƙasa, daga gida sai adaidaita sai aji, kuma ranar da ta ratso gilashin taga ba ta haɗa komai. A Saudiyya ma da ranarsu ƙarancin nan ya yi yawa a mata. In sakamako ya fito ki kalli ma'aunin da aka rubuta a gefen lambar, domin nan mutane ke ruɗewa. In ng/mL ne, ƙasa da 20 ƙaranci ne, ƙasa da 12 ya yi tsanani. In nmol/L ne, 50 shi ne daidai da 20 ɗin can. Na ga wanda ya zo hankali kwance da 28 yana cewa ya haye, ashe a ma'auni na biyu ne. In ya nuna ƙaranci likitanki zai rubuta miki na cike giɓi sannan ki koma ɗan ƙarami na kullum, kuma ko ba don ƙwaƙwalwa ba kina buƙatarsa don ƙashi, tunda ƙarin ruwan sitiroyid da ake yi muku in ciwon ya tashi yana cin ƙashi.

Sai abubuwan da ba a kwalba suke ba, waɗanda a ganina sun fi kusa da ƙonewar shinkafar nan. Barcinki yaya yake? Fitsarin dare yana tashinki sau nawa? Damuwa fa, wadda kusan rabin masu MS suke haɗuwa da ita a rayuwarsu, kuma ita kaɗai ta isa ta sa mutum ya manta sunan ɗansa? Cikin magungunanki akwai amitriptyline ko baclofen ko pregabalin ko oxybutynin na mafitsara? Duk suna iya sa kai ya yi nauyi, kar ki daina da kanki amma ki faɗa wa likita. Ki roƙe shi ya yi miki gwajin nan na SDMT, takarda ɗaya ce da alamomi da lambobi, daƙiƙa 90 ake yi, a ajiye makin, bayan shekara a sake, sai ki san ko da gaske abin gaba yake yi. Ki kuma tambaye shi ko an yi miki gwajin jini na NMO, wani ciwo ne mai kama da MS da ya fi samun baƙar fata fiye da turawa, maganinsu ba ɗaya ba, wasu magungunan MS ma ƙara tsananta shi suke. Maganin MS ɗinki na asali kuwa, in kina kansa, shi ne abin da aka tabbatar yana rage sabbin tabo a ƙwaƙwalwa, duk kuɗin da za a yanka kar a yanka daga nasa.

Ta biyu daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari:

"Ni shekarata 54, ina da suga shekara tara ina shan metformin. Tafin ƙafata kamar ina taka auduga, in na rufe ido wajen alwala sai in ji zan faɗi, lissafin yadi ma yanzu sai yaro ya tuna min. Ɗana ya duba a waya yace alamun MS ne. Yaron kemis ya ɗora ni kan Neurobion wata bakwai kenan, yanzu yace a koma allura. In yarda?"

Alhaji barka da kasuwa. Ka ce wa ɗan naka ya kwantar da hankalinsa, MS ba kasafai yake fara kama namiji a shekara 54 ba, akwai abubuwa biyu da suka fi kusa da kai nesa ba kusa ba. Na farko sugan kansa yana cin jijiyar ƙafa. Na biyu metformin in an daɗe ana sha yana hana hanji tsotse bitamin B12, shi kuma B12 da shi jiki yake gyara wannan rigar jijiyar da na yi bayani a sama, in ya yi ƙasa sai laka ta taɓu, mutum ya daina jin inda ƙafarsa take sai ya kalle ta, shi ya sa rufe ido yake kada kai, ga mantuwa ga kasala. Ƙarancin B12 yana kwaikwayon MS sosai har likitoci sukan auna shi kafin su yanke cewa mutum MS gare shi. In kana haɗawa da omeprazole na olsa kullum to abin ya zama biyu.

Inda yaron kemis ya yi maka ɓarna, ko da da kyakkyawar niyya, ya fara baka magani kafin a auna. Yanzu in an ɗebi jininka lambar za ta iya fitowa lafiya lau alhali ba a san daga ina ka taso ba. Duk da haka ka je, ka tafi da kwalin a hannu, ka faɗa wa likita wata nawa ka yi kana sha, akwai wasu gwaje-gwajen da zai iya ƙarawa. Ƙasa da 200 pg/mL shi ake kira ƙaranci.

Sannan ka juya kwalin ka karanta nawa ne B6 a ciki, domin Neurobion haɗin B1 da B6 da B12 ne. B6 in ya yi yawa aka daɗe ana sha shi da kansa yana kawo mutuwar ƙafa da jin kamar ana tsira allura, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Amurka ta sa iyakarsa a miligiram 100 a rana, hukumar abinci ta Tarayyar Turai kuwa a 2023 ta sauko da nata zuwa 12 kacal. Wata bakwai ba hutu ya isa a tsaya a duba. Allura kuma in likita ya ga cikinka ba ya tsotsewa zai rubuta B12 zalla, ba ta da tsada, kuma wasu har ƙarshen rayuwa suke yi. Kar ka daina metformin fa. Kuma in ka fita cin abincin rana ka riƙa sa wa a haɗa maka da hanta ko kifi ko ƙwai, kindirmo ma yana da shi, amma fura da sukarin nan ka san hukuncinka.

Ta uku gajeriya ce, daga Hotoro:

"Yayana yana Ingila zai turo min biotin, wai an ce yana gyara jijiyar masu MS. Wanne zan ce ya sayo?"

'Yar uwa ki ce ya turo miki kuɗin kawai. An yi zaton haka a da, aka gwada miligiram 300 a rana, ninki 10,000 na abin da jiki ke buƙata, a kan mutum 642 masu nau'in MS mai ci gaba a hankali, sakamako ya fito a 2020 babu amfanin da aka gani. Illarsa kuma yana ɓata sakamakon gwajin jini, ya nuna kina da ciwon maƙoƙo alhali ba ki da shi, ko ya ɓoye alamar bugun zuciya a gwajin troponin, har hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2017. 'Yan mata masu shan na gyaran gashi mai maikrogiram (mcg) 5,000 ko 10,000 ku ma ku riƙa faɗa kafin a ɗebi jininku.

Ta huɗu daga wani ɗalibi a Gwale da yake yi wa mahaifiyarsa sayayya:

"Likita ya rubuta wa Umma bitamin D 1,000 kullum. Na je na tarar da kala-kala, D2, D3, mai kafso mai ruwa, mai ƙwaya, da man hantar kifi. Wani yace kafson da gelatin na alade ake yi. Wanne zan ɗauka kuma a ina?"

Allah ya yi maka albarka ɗan samari. D3 za ka ɗauka, ya fi D2 ɗaga lambar a jini ya kuma fi daɗewa. Yawancinsa daga maiƙon gashin tumaki ake samo shi. Maganar kafso kuma gaskiya ne ana yin gelatin da fata da ƙashin shanu ko alade ko kifi, wasu kamfanonin suna rubutawa wasu basa rubutawa, to me zai kai ka dogon bincike tunda akwai ƙwaya busasshiya da na ɗigawa a baki, aikinsu ɗaya, sau da yawa ma sun fi araha. In ka ga an rubuta mcg a madadin IU kar ka ruɗe, 25 mcg shi ne 1,000. Kwalba mai zanen zinare da tutar Amurka ba ta fi wadda take a kwali fari ba, in dai lambar ɗaya ce kuma ta gaske ce.

Man hantar kifi ka bar shi, yana ɗauke da bitamin A mai yawa, kafin a kai adadin D da ake so an tara A, ga masu ciki ma haɗari ne. Ka saya a famasi mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wajen kankarewa ka kankare ka tura lambar. Ai ka san tun 2024 aka matsa wa 'yan magani na Sabon Gari su koma Dangwauro, duk don a san daga ina kaya suke fitowa, to kai ma kar ka saya a tire ko a bayan mota da lasifika. A gida kar a ajiye a kan taga ko kusa da murhu. Umma ta riƙa sha da abinci mai maiƙo, ko da azumi ne ta sha bayan buɗa-baki da ƙosai. Kifin gwangwani da kifin kwali irin titus da gwaiduwar ƙwai duk suna taimakawa kaɗan-kaɗan.

Ta ƙarshe ita ce ta fi tsaya min a rai, daga wani magidanci a Kurna:

"Matata tana da MS shekara huɗu. Duk lokacin zafi sai ta koma kamar ba ita ba, idonta ya yi duhu, ƙafa ta yi nauyi, in kana mata magana kamar ba ta gane ka, da magariba sai ta dawo daidai. Wani abokina ya shiga kamfanin nan na kayan ƙarin lafiya da ake kawo mutane, yace akwai fakiti na gyaran ƙwaƙwalwa kwalba shida N85,000 na wata ɗaya. Na tara kuɗin da niyyar sayen fanka mai caji da ɗan sola. Yace lafiyarta ta fi fanka. Wallahi na rasa yadda zan yi."

Malam, Allah ya saka maka da alheri kan yadda kake kula da ita. Sayi fankarka, kuma kar ka ji wani nauyi a zuciyarka, domin fankar nan ita ce lafiyar tata.

Abin da kake gani yana da suna, wani likitan ido ɗan Jamus Wilhelm Uhthoff ya rubuta shi tun 1890. Jijiyar da rigarta ta ɗaye ba ta jure zafi, zafin jiki ya hau ko da rabin digiri ne sai saƙo ya tsaya, in jiki ya huce ya dawo. Kafin zuwan MRI har wankan ruwan zafi ake sa mutum a ga ko alamun za su fito. Yawancin masu MS suna da wannan. To ka haɗa da Kano a Afrilu, zafi ya haura 40, ɗaki rufin kwano, ba wuta, ga girki a kan gawayi. Ba sabon tabo ne yake fitowa kullum da azahar ba, shi ya sa take dawowa da magariba. Amma in abin ya wuce kwana guda bai sake ta ba ko da ta huce, ko akwai zazzaɓi ko zafin fitsari, wannan asibiti za ku tafi.

Shi kuwa fakitin abokinka, ka ce ya turo maka hoton bayan kowace kwalba. Na sha ganin irinsu, bitamin ɗin da ka sani ne a ciki an maimaita, B6 a wannan B6 a waccan, D a uku daga cikin shida, in ka tara sai ka ga an wuce iyaka ba wanda ya lissafa. Wasu kuma an rubuta suna ƙarfafa garkuwar jiki, ita kuma garkuwarta ce take yaƙarta, maganin asibiti lallashin garkuwar yake yi. Wata mai zuwa kuma wata N85,000 ɗin zai nema, shi yana da kamasho a kai, ba zaginsa nake ba, haka tsarin yake.

In ka sayi fankar ka duba batirin ko ana samun na canji a kasuwa, ka zaɓi wadda za ta kai daga azahar zuwa la'asar a caji ɗaya, don nan ne wahalar take. Canjin da ya rage ka kai ta a auna mata D da B12 sau ɗaya, abin da ya yi ƙasa likita ya rubuta shi kaɗai. A samu randa a ɗaki, ruwan sanyi tana kurɓa a kai a kai yana taimakawa sosai, tawul jiƙaƙƙe a wuya, wanka da ruwan randa kafin azahar tun jikin bai ɗauka ba. Girkin rana a dawo da shi safe ko wani ya karɓa mata daga Maris zuwa saukar damina. Duk maganar da take buƙatar tunani, lissafin cefane ne ko kuɗin makarantar yara, ku yi ta bayan asuba. In kai ko wani a gidan yana shan taba ko shisha a fita da ita waje. Rana kuma in za ta sha don bitamin D, ta ɗan zauna da hantsi a tsakar gida hannu da ƙafa a buɗe, da ta ji jiki ya fara ɗumi ta koma gaban fanka.

Ka gaida mai jiki. In ka samu hoton kwalaben ka turo min in lissafa maka abin da ke ciki.